"Mi Kac Ce?": Wata Tara Ina Yawo da Na'urar Ji a Kunne

Shekara 26 na yi a gaban injin casar shinkafa a nan Argungu, ban taɓa toshe kunnena ko da auduga ba. Wa ma yake yi? In aka tayar da inji da hantsi sai la'asar sakaliya a kashe, ka dawo gida da wani ƙugi a ka kamar gyare ya shige maka kunne. Da fari yakan ɗauke kafin asuba. Daga baya ya zauna daram.

Ni a ganina lafiyata ƙalau. Ina jin babur, ina jin kiran salla, ina jin tsawa. Maganar mutane ce ta dame min kamar kunu: ga murya ina ji, amma ban san me aka ce ba, musamman in mace ce ko yaro. Sai na ɗora musu laifi. Yaran zamani ba sa buɗe baki, uwargida ta koyi magana ƙasa-ƙasa. Jikokina har suka laƙaba min suna "Mi-kac-ce", da fari a ɓoye, daga baya a gabana, tunda sun san ba ji zan yi ba.

Na yi asarar kuɗi sau ɗaya, da wani ɗan kasuwa daga Jega ya ce min buhu saba'in ta waya, ni kuwa na ji casa'in. Wannan bai girgiza ni ba. Abin da ya karya ni a majalisa ya faru, bayan Magariba. Wani maƙwabcina ya matso ya faɗa min magana a kan ƙanwarsa, wadda na san tana da tsohon ciki. Na washe baki na ce, "Masha Allah, Allah shi raya." Ashe "ta rasu" ya ce. Wurin ya yi tsit, wannan kam ko kurma ya ji shi. Kwana uku ban fita majalisa ba.

Duk da haka ban nufi asibiti ba. Kasuwa na aika aka sayo min wata 'yar na'ura mai arha a kwali. Abar nan ba ta san magana ba, ba ta san hayaniya ba, komai ɗaga shi take yi: cokali ya faɗi ka ji kamar an doka ƙofar kwano, ga fito tana yi babu dalili. Kwana huɗu na jefa ta cikin akwati. Na yi imani rabin masu cewa "na gwada, ba ta aiki" irin wannan suka gwada, kuma kowane ɗayansu ya hana mutum goma.

Sauran abin da ke hana mu kuwa, in za a faɗi gaskiya, kunya ce. Mai tabarau ana ganinsa malam ne ko ɗan boko, har masu lafiyar ido na sawa don ado. Mai abu maƙale a kunne sunansa kurma, kuma a bakin mutanenmu kurma da bebe da wawa duk kwando ɗaya ake zuba su. Magidanci mai iyali da yaran shago zai gwammace ya yi ta gyaɗa kai yana "haka ne, haka ne" a kan maganar da bai ji ba. Wasu kuma su ce tsufa ne, ƙaddara ce. Ƙaddara ce mana. Amma dattijon nan da ke faɗin haka, da an ce ana aikin yanar ido kyauta, shi ne na farko a layi.

Babban ɗana ne ya ɗauke ni kusan dole zuwa Sakkwato. Ya ce, "Baba, in ba a dace can ba, Kaduna za mu, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa." Ba mu kai ga haka ba. Likita ya fara leƙa kunnen da 'yar fitila don ya tabbatar ba dauɗa ce ta toshe ba, domin wasu da an wanke shi ke nan sun warke. Nawa ba haka ba ne. Aka sa ni wani ɗan ɗaki da sauti ba ya shiga, aka kifa min abin ji, aka ce in danna maɓalli duk lokacin da na ji ƙara. Masu kauri na yi ta dannawa. Da aka zo sirara sai na ga ɗana ta gilashi yana kallona, ni kuwa ina zaune ina jiran a fara.

Bayanin da aka yi min ya zauna min sosai. Can cikin kunne akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa, cike da ƙananan gasu masu karɓar sauti. Ƙara mai ƙarfi, daga desibel 85 zuwa sama (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) in an daɗe cikinta kullum, tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Masu karɓar siririn sauti ne ke fara tafiya, shi ya sa "s" da "sh" da "ts" suka gudu suka bar ni da saba'in da casa'in. Saboda haka man da na yi ta ɗigawa da gashin kazar da na yi ta sakace da shi duk aikin banza ne. A layin ranar har da yaran da sanƙarau ya taɓa wa ji, cutar da ta yi ɓarna a Zamfara da maƙwabtanta a 2017. Likitan ya ce a rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, cikin mutum 100 da na'urar za ta amfana, 17 kacal ke amfani da ita. Na ce a raina, a unguwarmu ko ɗaya babu.

Wadda aka ba ni irin mai zama bayan kunne ce, da ɗan siririn bututu zuwa wata roba da aka zuba daidai da ramin kunnena. An saita ta da kwamfuta bisa sakamakon gwajina, tana ɗaga sautukan da na rasa ta ƙyale waɗanda nake ji. Nan bambancinta da ta kasuwa yake. Kuɗin kam ba wasa: sai da ɗan bijimina ya tafi, kuma na kunnen dama kaɗai na iya saya, alhali biyu aka ce.

Makon farko na kusa ajiye ta. Muryata ta koma kamar ina magana cikin tulu. Takalmina na ta surutu, shaddata na ƙara, tauna ƙuli-ƙuli ya zama yaƙi. An dai gargaɗe ni cewa ƙwaƙwalwa ta manta da waɗannan sautukan, sai an ba ta makonni, in riƙa sawa kullum ina ƙara lokaci. Cikin mako na uku ina alwalar asuba da ita a aljihu, na gama na maƙala, sai na ji ruwa na ɗiga daga bakin buta, ɗis, ɗis, a kan siminti. Na tsaya ina saurare kamar wani yaro. Rabon da in ji wannan har na manta akwai shi.

A ɗaki, mutum biyu ko uku, aikinta sai sam barka. Hira da uwargida ta dawo, rediyo ya sauko daga ƙarshen maɓalli, maƙwabta sun huta. A ɗaurin aure ko kasuwa kuwa tana taimakawa ne kawai, sai na fuskanci mai magana ina kallon bakinsa. Wanda ya ce maka za ta mayar maka da kunnen ƙuruciya, ciniki yake so. Ƙugin nan ma yana nan, sai dai yana lafawa in tana kunne, ya dawo da dare in na cire.

Wahalarta a garinmu ta kulawa ce. Ba ta shiri da ruwa, ga shi sau biyar a rana sai an shafi kunne, don haka cirewa da mayarwa ya zama min jiki. Sau ɗaya na bar ta a kan dakalin masallaci, wani almajiri ya biyo ni da ita, Allah ya yi masa albarka. Zufar bazara na sa ta shaƙewa, ƙurar hunturu da ƙaiƙayi na toshe bututun, dole kowane dare in goge in sa ta cikin ɗan gwangwaninta mai tsotse danshi. In na danno hula ta taɓa ta, sai ta yi fito a tsakiyar sahu. Batirinta ɗan mitsitsi ne, lamba 13 mai takardar ruwan lemo, iska ce ke tayar da shi, da ka ɓare takardar ya fara ci ko ka sa ko ba ka sa ba. Yana kai min kwana goma ko kusa da haka. Ban same shi a shagunan da na zagaya a nan ba, sai direba ya taho min da shi daga Sakkwato, kuma nakan ɓoye shi nesa da jikoki don haɗiye shi haɗari ne babba. Akwai mai caji, amma da yanayin wutarmu na ji tsoro. Sau biyu kuma na koma aka sake saiti, kuɗin mota daban.

Kallon da na ji tsoro shekara da shekaru fa? Kwana biyu aka yi ana tambaya. Samari ma sun ɗauka irin abin wayar nan ne na Bluetooth. Abokaina biyu sun same ni a keɓe, kowa bai san ɗayan ya zo ba, suna tambayar kuɗinta wai don wani ɗan'uwansu.

Wurin inji ba na sa ta, toshewa nake yi yanzu. Na sayo wa yarana shida robar toshe kunne, biyu ke sawa, su ma sai sun hango ni. Na kunnen hagu kuma ina jiran shinkafar rani ta shigo.