iNaturalist da Seek: anya waya za ta bambanta rina da zanzaro?

Da damina ta kankama, manyan ƙwari masu siririn ƙugu sukan cika zaure da ƙarƙashin rumfa da bakin rijiya, kuma abin da mai gida ke son sani guda ɗaya ne: wannan mai harbi ne ko a ƙyale shi? Manhajoji biyu da aka fi ambata wajen wannan aiki su ne iNaturalist da ƙanwarta Seek. Dukansu kyauta ne, kuma akwai su a Android da iPhone. Hukuncinmu a taƙaice shi ne iNaturalist ta cancanci wuri a waya, amma amfaninta yana wajen mutanen da ke cikinta, ba wajen amsar farko da na'ura ke jefowa ba.

An faro iNaturalist a 2008 a matsayin aikin ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta kuma zama ƙungiya mai zaman kanta a 2023. Seek ta fito a 2018. Ita Seek ba ta neman rajista, tana aiki ko babu intanet: ka nuna wa ƙwaro kyamara, ta faɗi abin da take zato. Iyakarta ke nan, babu mai gyara mata idan ta kuskure. A iNaturalist kuwa sai ka buɗe asusu, ka ɗora hoto da rana da wuri, na'ura ta ba da shawara, daga nan masana da masu sha'awa su duba su amince ko su musanta. Idan fiye da kashi biyu bisa uku na waɗanda suka sa suna suka haɗu a kan jinsi ɗaya, sai a ba hoton tambarin Research Grade, wato ya kai matakin da masu bincike za su iya amfani da shi.

Matsalar na'urar tana da tushe. Da hotunan da jama'a suka ɗora ake koyar da ita, kuma ba ta sanin jinsi sai an tara masa hotuna wajen ɗari. Ƙwarin Amurka da Turai sun sha hoto, namu na Afirka ta Yamma kuwa da yawansu ba su kai wannan adadi ba. Na'urar kuma ba ta iya faɗin sunan abin da ba a koya mata ba, sai ta ɗauko wanda ya fi kama da shi. Misali, akwai wani ƙaton baƙin ƙwaro mai dogayen ƙafafu da fukafukai ruwan lemo ko baƙi mai sheƙi, wanda ake gani yana gudu a ƙasa yana karkaɗa fukafukai, wani lokaci yana jan gizo-gizo zuwa rami. Ɗan dangin Pompilidae ne, kuma manyansu a Afirka galibi Hemipepsis ne. Idan ka ɗora hotonsa babu wuri, ba mamaki a ce maka Pepsis, alhali shi Pepsis a nahiyar Amurka kaɗai yake. Saboda haka kada ka tsallake sa wuri, domin da shi manhajar ke fifita ƙwarin da ake sa ran samu a yankinka. Hoton da aka turo maka ta WhatsApp ya riga ya rasa bayanin wurinsa, ingancinsa ma ya ragu, don haka da hannu za ka sa wurin a taswira. Wanda ba ya son a ga ƙofar gidansa yana iya zaɓar a ɓoye ainihin wurin, jama'a su ga murabba'i mai faɗin kilomita ashirin da 'yan kai kawai.

Rabin aikin a hoto yake. Ana bukatar aƙalla uku: ɗaya daga sama da zai nuna fukafukai da zanen baya, ɗaya daga gefe da zai nuna ƙugu da ƙafafu, ɗaya na fuska da ƙahonnin nan biyu. Tsaya kamar taku biyu, ka jawo hoton da kyamara, ka taɓa ƙwaron a fuskar waya don kada ta mayar da hankali kan bango. Kafin ɗorawa ka yanke gefen hoton har ƙwaron ya cika shi, in ba haka ba na'urar na iya ba ka sunan ganyen da ya sauka a kai. Idan mushe ne, ɗora shi a farar takarda kusa da rula ko murfin biro, domin ido yakan ƙara wa abin tsoro girma, ƙwaro mai santimita uku a ba da labarinsa kamar ya kai ɗan yatsa. Safiya, kafin rana ta ɗumama su, ta fi sauƙin ɗauka.

Hoton gidan ƙwaron ma hujja ce babba, kuma nan ne ilimin gargajiya ya riga manhajar. Zanzaro da laka yake gini. Baƙin nan mai rawayan siririn ƙugu da rawayan ƙafafu, Sceliphron spirifex, yana jera ɗakunan laka a bango ko bayan kabad, ya cusa gizo-gizon da ya sumar a ciki, ya sa ƙwai ya liƙe. Wani zanzaron kuwa, mai suna Delta, ɗan tulu yake ginawa ya cika da tsutsa. Waɗannan duk zaman kaɗaici suke yi, ba sa tsaron gida, ba kasafai suke harbi ba sai an damƙe su. Rina ce mai fitina. Rinar da ake kira Belonogaster da danginta suna tauna busasshen itace su yi gida kamar na takarda, a buɗe, yana reto da siririn wuya a ƙarƙashin rufi ko reshe, kuma taron dangi suke yi wa mai taɓa shi. Ita rina idan ta sauka takan naɗe fukafukanta a tsaye su zama sirara. Shi kuma ƙaton baƙin nan mai gashi da ƙugi, mai huda azara da gora yana zubo gari, ba rina ba ne sam, ƙudan zuma ne na reshen Xylocopa.

A kan waɗannan sanannu na'urar takan kai ga reshe daidai, wato rukunin da ke sama da jinsi, idan hoton ya fito. Inda take tuntuɓe shi ne wajen masu kwaikwayo. Akwai ƙudaje da suka ari launin rina ko na ƙudan zuma don tsuntsu ya ji tsoronsu, ba su da ƙari ko kaɗan. Ƙuda fiffike biyu gare shi, rina huɗu, amma na bayan suna maƙale da na gaba, don haka ƙirga fiffike a hoto yakan yaudari mutum. Fuska ta fi gaskiya: ƙuda idanunsa sun kusan cinye kai, ƙahonninsa gajeru. Haka mai dogon abu kamar zare a gindi, wanda kan fi tsorata mutane, mace ce, da zaren take sa ƙwai a cikin itace ko jikin tsutsa.

Google Lens, manhajar Google mai bincike da hoto, ya fi sauri, amma kamannin hoto yake bi a intanet, shi ya sa yakan karkata ga ƙwarin da suka yi suna, irin su Vespa mandarinia, ƙatuwar rinar gabashin Asiya da sarauniyarta kan kai santimita biyar. Ta ɓulla a jihar Washinton ta Amurka a 2019, hukumomi suka sanar da kawar da ita a Disamban 2024, kuma ba ƙwaron Afirka ba ce. Wadda masu zuwa Saudiyya za su iya cin karo da ita ita ce Vespa orientalis, ja-ja mai rawayan ɗamara a ciki da rawaya a goshi.

Dabara mafi kyau a iNaturalist ita ce kada ka karɓi sunan jinsi don kawai shi ne a sama. Tsaya a matakin da kake da tabbaci, ko da Vespidae ne (dangin rina) ko Hymenoptera (babban rukunin rina da zanzaro da ƙudan zuma), ka rubuta abin da ka gani: girmansa, abin da yake ɗauke da shi, irin gidansa. Masanan wannan dangi da sunan dangin suke tace abin da za su duba, suna mara tushe kuwa yana ɓatar da hotonka daga idonsu. Sai haƙuri, domin hoto daga Sahel na iya samun amsa a yini ɗaya, yana kuma iya yin watanni, wasu ma ba sa wuce matakin reshe tunda sai an sa ƙwaron a madubin likita ake rarrabe su. Don tsimin data, kashe ɗorawa ta kai tsaye a saiti, ka tara hotunan ka tura a lokaci ɗaya.

Abin da manhajar ba za ta yi maka ba shi ne yanke hukuncin gaggawa. Gidan takarda mai ƙwari da yawa a kai, a bar masa tazara ko me waya ta ce. Wanda aka harba kuma fuska ko leɓe suka kumbura, numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama shi, asibiti za a nufa nan take, hoto ya jira.