Hattara da masu sayar da baƙar ƙasa a buhu da sunan takin shuka

Jama'a masu shuka kayan lambu a gida, a bokiti ne ko a tukwane ko a buhu, don Allah a buɗe ido. Algus ya shiga cinikin ƙasar shuka da ake haɗawa a ɗure a buhu, kuma akwai wani mai talla a shafukan sada zumunta da ya mai da abin sana'a. Ba zan kama sunansa ba, don ko an kama ba ya hana shi komai: da an gano shi sai ya rufe shafin ya buɗe wani da sabon suna. Salon cutar ya kamata a sani.

Tallarsa ba ta da makusa. Hotunan tumatir ja wur, barkono har reshe ya sunkuya, ga buhu mai sheƙi an rubuta cewa haɗi ne na musamman da ba ya buƙatar ƙarin taki. Babu shago, babu adireshi, babu jerin abin da aka haɗa. Ka tura kuɗi a kawo maka, cinikin biri a sama ke nan.

Na zazzage buhun nasa a kan shimfiɗa na baje. Bakin buhun kam taki ne na gaske, mai laushi, kimanin taƙi guda. Daga nan zuwa ƙasa kuwa ɗanyar dusar katako ce da yashi, an barbaɗa garin gawayi ya rina komai baƙi ƙirin. Ka damƙa ka saki, tafin hannunka ya koma kamar ka shafi gindin tukunya. A ciki akwai gutsattsarin leda, da murfin kwalba, da ɓarɓashin gilashi, alamar an ɗebo wani abu daga juji. Taki da ya ruɓe da kyau ba ya rina hannu haka, kuma ba za ka iya gane ainihin abin da aka yi shi da shi ba.

Wani zai ce ai dusar katako ma ruɓewa take yi. Tana yi, amma da abincin shukarka take yi. A dusar katako, sinadarin kabon ya ninka naitirojin, wato sinadarin da shuka ke ci ta yi kore ta girma, sau 400 ko fiye, alhali a takin da ya nuna bai cika wuce ninki 20 ba. Ƙananan halittun da ke ruɓar da ita suna buƙatar naitirojin, don haka sai su kwashe ɗan wanda ke cikin tukunyar kafin saiwa ta samu. Ganyen ƙasa ya fara yin rawaya, shuka ta tsaya cak, ba ta mutu ba, ba ta girma ba.

A nan wayon mutumin yake. Yana watsa ɗan takin yuriya a cikin haɗin, sai a makonni biyun farko dashenka ya yi kore shar, har ka ɗauki hoto ka tura masa, shi kuma ya ɗora a shafinsa a matsayin shaida. Ban-ruwa yana wanke yuriyar, gaskiya ta fito. Kafin nan wata guda ya wuce. Ka kira shi, amsarsa a shirye take: "Malam, irinka ne ba shi da kyau." Ko kuma: "Hajiya, ruwa kika cika masa." Sabon mai lambu kuwa dama zargin hannunsa yake yi, sai ya yarda, har ya ƙara sayen wani buhun. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, domin mutane da yawa sun haƙura da shuka suna cewa ba su da hannu, alhali sakiyar da ba ruwa aka yi musu.

Nauyin buhu ma kada ya ruɗe ka. Yashi da ruwa ne suka fi komai arahar ƙara nauyi, shi ya sa kamfanonin kirki suke rubuta yawan kayansu da lita. Ƙasar tukunya mai kyau ba ta da nauyi sosai, tana riƙe danshi kuma ruwa yana wucewa. Ta mai algus kuwa in ta bushe sai ta daskare, ruwa ya bi gefen tukunya ya zube.

Sai maganar zafi. Tulin taki yana buƙatar ya kai digiri 55 a ma'aunin Salshiyos kafin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta su mutu. Ƙa'idar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa a 1993, wadda masu haɗa taki da yawa suke bi, ta ce tulin da ke fili ya riƙe wannan zafin kwana 15, ana juya shi sau 5. Mai algus ba ya da wannan haƙurin. Shi ya sa ciyawa take riga irinka tsirowa, ƙananan tsirrai kuma su ruɓe daga wuya su kife.

Akwai wata matsalar da ba lallai da gangan ba ce, kuma adalci ne a faɗa. Magungunan kashe ciyawa irin su aminofiralid da kilofiralid suna maƙalewa a ciyawar da aka fesa, dabba ta ci, su fito a kashinta ba su lalace ba, su tsallake zafin tulin taki ma. A 2008 aminofiralid, na kamfanin Dow AgroSciences, ya ɓata lambuna da yawa a Birtaniya ta hanyar kashin dabbobi, har aka dakatar da sayar da shi na wani lokaci, daga baya aka dawo da shi da tsauraran sharuɗɗa. Alamarsa ba ta ɓuya: sabon ganyen tumatir, wake ko dankali ya nannaɗe ya tsuke ya zama siriri, masara kuwa ko a jikinta. Wannan yana iya faɗa wa mai gaskiya. Bambancin shi ne mai gaskiya zai gaya maka inda ya samo kayan, ya karɓi buhun. Mai algus kuwa toshe lambar wayarka zai yi.

Kafin ka zuba kowane buhu a lambunka, ka buɗe ka tura hannu har tsakiya, kada ka tsaya a baki. Idan da ɗumi, bai gama ruɓewa ba. Ka shinshina: ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ake so, zarni ko tsami ko ɗoyi kuwa a mayar masa. Ka ɗebi kofi guda ka zuba a kwalbar ruwa ka girgiza. Yashi zai zauna a ƙasa cikin minti ɗaya, dusar katako da gawayi su taso sama, ka ga rabon da idonka.

Gwajin da ya fi duka shi ne na wake. Tukwane biyu da sabon haɗin, biyu da ƙasar da ka yarda da ita, ƙwaya huɗu a kowace, ban-ruwa iri ɗaya, hasken rana iri ɗaya. Ka jira makonni uku zuwa huɗu, har ganye na biyu da na uku su buɗe. Wake ba ya jure maganin ciyawa ko gishiri mai yawa, zai tona asirin tun kafin ka yi asarar dashenka. Na san jiran da wuya ga wanda iri ke hannunsa, don haka a sayi buhu ɗaya tun da wuri a gwada, kafin a sayi goma.

Wanda ya riga ya saya, idan dusar katako ce kawai da yashi, ya gauraya ta da kashin kaji ko na shanu, ya jiƙa, ya riƙa juyawa na 'yan watanni, za ta yi amfani. Idan wake ya nuna nannaɗewar ganye, kada a zuba a tulin takin gida, kuma kada a sa matattun shuke-shuken a ciki. Wadda aka ga gilashi da tarkacen juji a cikinta kuwa kada a shuka abin ci a kanta, musamman ganye irin latas da alayyafo, domin juji yana iya ɗauke da dalma daga tsofaffin batura. A ajiye buhun da hoton tallar da shaidar tura kuɗi, a kai ƙara ga masu shafin da ya yi tallar da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ƙasarku, sannan a sanar da sauran masu lambu kafin ya sake suna.