Rabin katangar kantar kicin: bulo, ƙarfe ko katako?

Sau biyu na biya kuɗin gina 'yar katangar da ke tsakiyar kicin ɗina a Kubwa da ke Abuja, wadda ake ɗora dutsen giranait a kanta a jera kujeru masu dogayen ƙafafu. Karon farko birkila ya jera bulo a kan tayil, ya shafe da filasta, ya ce, "Hajiya, ko giwa ta jingina ba za ta motsa ba." Ba giwa ba, autana ne ɗan shekara 6 ya yi lilo da bakin dutsen, katangar ta rabu da ƙasa, giranait ya tsage gida biyu. Allah ya tsare ƙafar yaron.

Matsalar wannan gini ita ce ba shi da abin kamawa ta sama, sau da yawa ma ba ya jingine da kowane bango. Tsayinsa kan kai santimita 105 zuwa 110, sama da kantar girki mai 90, sannan dutsen ya leƙo waje kamar santimita 25 zuwa 30 don a samu wurin sa gwiwa. Giranait mai kaurin santimita 3 yana kai kilo 80 a kowace murabba'in mita. Duk wanda ya dafa bakin, tushen katangar yake ɓamɓara. Saboda haka abin dubawa shi ne yadda aka ɗaure ta da daɓen ƙasa.

Katako da allon MDF, irin wanda kafintocin Kugbo ke haɗa kabad da shi, ba na ma sa su a lissafi: ruwan mofa ya kumbura su, gara ta ƙarasa. Firam ɗin ƙarfe na mai walda, wanda ake ɗaurewa a ƙasa da noti mai buɗewa cikin kankare, yana da amfani ga ɗan haya ko kicin ɗin saman bene inda ba a son nauyi. Amma in ba a shafa masa jan fentin hana tsatsa ba, ko bututun ya yi siriri, zai riƙa rawa.

Ni dai bulo mai rodi na zaɓa, kuma shi nake ba kowa shawara in gidansa ne. A fasa tayil a layin da katangar za ta zauna har a isa kankaren daɓe. A huda ramuka masu zurfin kamar santimita 10, a busa ƙurar ta fita tas, a dasa rodi mai 12, wato mai kaurin milimita 12, da gam ɗin dasa ƙarfe, ba da ruwan siminti ba. Rodin ya bi ta cikin ramukan bulo mai inci 6, a cika ramukan da kankare, a kuma zuba 'yar fila, wato ginshiƙin kankare, a kowane ƙarshe. In za a iya lanƙwasa katangar ta yi kwana ko da bulo ɗaya ne, ko a haɗa ta da kabad ɗin da ke bayanta, ƙarfinta ya ƙaru sosai. A sama a zuba siririn kankare, a binne ƙarafan da za su tallafi dutsen, tazarar santimita 50 zuwa 60 tsakaninsu. Kafin a huda, a nemo mai famfo da mai waya su nuna inda bututunsu ya bi. Sai ban ruwa na kwana 7, musamman da hunturu, lokacin da iskar Abuja ke busar da siminti kafin ya kama.

To, a wajen sayen kaya ne ake yanka mutum. Ka je kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ka ce rodi mai 12, wani zai miƙo maka wanda bai kai ba, da ido kuma ba ka ganewa. Cikakken mai 12 tsawonsa mita 12 ne, nauyinsa kilo 10 da rabi da ɗan ɗoriya. Mai 10 kuwa bai kai kilo 7 da rabi ba. Ka sa a auna kaurin a gabanka, ko a ɗora a sikeli. Mai shagon da ya fara "haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" to ka ƙara gaba. Rodin da ya tsage wajen lanƙwasawa ma a mayar masa da abinsa.

Bulo kuwa, ka kankare shi da ƙusa. In yashi na zubowa kamar garin kwaki, an yi rowar siminti. Ka ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ka saki. Na kirki ba ya zama gari. Kada ka karɓi wanda aka buga jiya, komai saurin da kake yi. Gam ɗin ma akwai na jabu da wanda ya kwana biyu a rana, a duba kwanan watan lalacewarsa. Masu dutse su ma suna da nasu salon: a yi ciniki a kan mai santimita 3, a kawo mai 2 an manna masa baki biyu ya yi kamar mai kauri. Leƙa ƙarƙashinsa kafin a sauke daga mota.

Ranar dasa rodin kuma ka tsaya a wurin da kanka. Da zarar an yi filasta, ba mai iya gaya maka ko akwai ƙarfe a ciki.