QEMU: a gudanar da shi da TCG ko da KVM?

Duk mai kunna QEMU, manhajar da Fabrice Bellard ya fara a 2003, wadda ke kwaikwayon wata kwamfuta (baƙuwa) a cikin kwamfutarka, sai ya zaɓi yadda baƙuwar kwamfutar za ta yi aiki: da TCG ko da KVM.

TCG tafinta ne. Yana ɗaukar umarnin baƙuwar na'ura dunƙule-dunƙule, ya juya su zuwa umarnin na'urar da ke gabanka, ya adana abin da ya juya don kada ya maimaita wahala. Shi ya sa a kan kwamfuta mai firosesa irin x86 (na Intel da AMD) za ka iya tayar da tsarin wasu nau'o'in firosesa kamar ARM, RISC-V ko PowerPC ba tare da ka mallaki ko ɗaya ba. Sai dai yana da nawa sosai, kuma duk wanda ya taɓa girka cikakken Linux a haka ya san zaman jiran.

KVM kuwa, wanda ya shiga Linux a 2007, yana miƙa umarnin kai tsaye ga firosesa. Gudunsa ya kusa na ainihin na'ura. Sharaɗinsa dai mai tsauri ne: baƙuwa da mai masaukinta su zama iri ɗaya, a x86 kuma sai da Intel VT-x ko AMD-V, wato fasahar firosesa ta gudanar da baƙuwar na'ura, a kunne.

Ga mai sabar, ko mai gwada Windows a cikin Linux, KVM ne, babu ja. Amma mai son ya ba QEMU gudummawa, ina ba shi shawara ya saba da TCG. A nan ne zai iya naɗar aikin na'ura ya sake maimaita shi daidai, har ya kamo kuskuren da ke ɓuya, kuma ya gwada gyaransa a kan na'urorin da bai taɓa riƙewa ba.