Tikitin Interrail ga ɗalibin da ya tashi daga Legas: inda yake da riba da inda yake cin kuɗi

Da zarar takardun shiga jami'o'in Turai sun fara fitowa, daga Agege har Idi-Araba da Obalende, maganar da ke biyo bayan biza da kuɗin makaranta ita ce ta hutu: idan an rufe zango, ta yaya yaro zai leƙa Faris da Rum ba tare da ya cinye kuɗin abincinsa ba? Sunan da ake yawan ambata shi ne Interrail, tikiti guda da ke buɗe wa mutum jiragen ƙasa na ƙasashe 33. Tun 1972 ake sayar da shi, kuma yana aiki. Sai dai ba a ko'ina yake da riba ba, kuma bai san launin fasfon da ke aljihunka ba.

Kuskuren farko tun a Legas ake tafka shi. Tikitin iri biyu ne. Eurail na wanda mazauninsa ke wajen Turai ne, Interrail kuma na wanda ke zaune a can bisa doka. Ɗalibin da ya karɓi katin izinin zama a Jamus ko Faransa ya shiga sahun Interrail, ko da fasfonsa kore ne. Don haka Alhaji, kada ka yi garajen saya wa yaro tun yana gida don kawai ka ga an rage farashi. A bar shi ya sauka, ya yi rajistar adireshinsa, katinsa ya fito, ya buɗe asusun banki, sannan ya saya da yuro. Katin naira kan yi gardama a shafukan waje ko ya ci karo da iyakar da banki ya sa masa, kuma babu dalilin bi ta hannun ɗan canji sau biyu. Bayan saye akwai wata 11 kafin a fara amfani da shi, saboda haka babu abin da ke korar kowa.

Wanda bai cika shekara 28 ba yana cikin rukunin matasa, ragin da ake masa ya kai kashi 25 cikin ɗari. Akwai na zaɓi, wato kwana 4, 5 ko 7 da za ka tsinta a cikin wata guda, ko 10 ko 15 a cikin wata biyu. Akwai kuma na jere, daga kwana 15 har wata uku. A farashin 2024, na kwana 4 a aji na biyu yuro 212 ne ga matashi, na kwana 7 kuma 286. Raba ka gani: kowace rana ta tashi a yuro 53 a na farko, kusan 41 a na biyu. Wannan lissafin shi ne ma'aunin komai. Ɗalibin da ke Jamus yana rayuwa ne da abin da asusunsa na kulle, inda aka ajiye kuɗin zamansa kafin a ba shi biza, ke sakar masa, yuro 992 a wata bisa ƙa'idar da ta fara aiki a Satumban 2024, kuma haya da inshorar lafiya sun riga sun kwashe mafi yawa. Na jere ba na ɗalibi ba ne. Wanda ya biya kuɗin kwana 22 a jere zai ga kamar kwana biyu a gari ɗaya asara ce, sai ya ƙare da ganin tashoshi maimakon garuruwa.

Wanda ya saba da jirgin Ebute Metta zuwa Moniya ya san tsari guda: ka sayi tikiti, an rubuta maka tarago da lambar kujera, shi ke nan. A Turai abu biyu ne daban. Interrail izinin hawa ne kawai. Kujera kuma a wasu jiragen sai an kama ta da kuɗi na dabam, kuma idan ba ka kama ba, kwandasta zai ɗauke ka tamkar marar tikiti. A nan ne tikitin ya rabu gida biyu.

A Jamus, Ostiriya, Suwizalan, Holan da Beljiyam, jiragen cikin gida kusan duka ba sa neman a kama kujera. Ka ga ICE na Jamus ko Railjet na Ostiriya, jiragensu masu gudu, a kan layi, ka shiga, ka nemi gurbin da babu sunan tashoshi a samansa, alamar ba wanda ya kama shi, ka zauna. A wannan yankin tikitin ya cancanci yabo ba tare da wani kwana-kwana ba. Tikitin ICE daga Barlin zuwa Munik, idan a ranar tafiya za ka saya, yakan haura yuro 100. A Suwizalan kuwa, inda kuɗin jirgi ke sa mutum salati, rana guda ta yawo tana iya mayar maka da kusan rabin abin da ka biya. Layin Bernina da ke hawa tsaunukan Alfa daga Chur ya gangara Tirano a Italiya yana cikin tikitin. Taragon masu manyan tagogi ne ke buƙatar ƙarin kuɗi, amma jiragen yau da kullum na bin layin nan ɗin dai, dutsen da ƙanƙarar duk ɗaya ne. Jirgin da ke hawa Jungfraujoch, can saman tsaunukan Suwizalan, kam ba ya ciki, ragi kawai ake yi.

Faransa, Sifaniya da Italiya wani labari ne. TGV, jirgi mai gudu na cikin Faransa, yana karɓar yuro 10 zuwa 20 a kan kowace kujera, Frecciarossa na Italiya kusan 13, AVE na Sifaniya kusan 10, Eurostar mai zuwa Landan kuma ya fi su duka tsada. Kuɗin ba shi ne babbar matsala ba. A wasu layukan, musamman masu ƙetare iyaka, kujerun da aka ware wa masu wannan tikitin ƙidayayyu ne; a watan Yuli da Agusta sukan ƙare makonni kafin ranar, alhali jirgin na da gurbi ga mai biyan cikakken farashi. Sai ka ga mutum da tikitinsa a hannu yana bin ƙananan jirage huɗu don tafiyar da TGV ke yi a awa uku. Sannan jiragen araha irin su Ouigo da Italo da FlixTrain ba su san da zaman tikitin ba. Wanda burinsa Andalus ne, a kudancin Sifaniya, ya ga masallacin Kurɗuba da aka aza harsashinsa a 785 da fadar Alhambra a Garnaɗa, gara ya sayi tikitin jirgi ɗai-ɗai da wuri. Kamfanoni suna gasa a manyan layukan Sifaniya, farashi ya sauko. A tuna kuma, ginin Kurɗuba coci ne a yau, ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, kuma tikitin Alhambra da suna da lambar fasfo ake sayar da shi, yana ƙarewa da wuri.

Akwai ƙa'idar da ke kama ɗalibai da yawa: Interrail ba ya aiki a ƙasar da kake zaune sai a rana biyu kacal, ɗaya ta fita, ɗaya ta dawowa, kuma daga cikin kwanakinka ake cire su. Ɗalibin Barlin mai tikitin kwana 4 zai fita zuwa Firag a rana ta farko, tafiyar awa huɗu da ɗoriya, ya wuce Biyana a ta biyu, ya ajiye ta ƙarshe don dawowa. To idan yana son leƙa Budafes daga Biyana, tafiyar da ba ta kai awa uku ba, kada ya ƙona ranar yuro 53 a kanta. Tikitin da aka saya da wuri bai kai rabin haka ba. A cikin Jamus ma ba ya bukatar Interrail don gajerun tafiye-tafiye, domin Deutschlandticket, tikitin wata-wata wanda ya fara a yuro 49 a watan Mayun 2023 ya koma 58 a Janairun 2025, yana ɗaukar duk jiragen yanki da bas da tiram, ban da ICE da IC na dogon zango, kuma jami'o'i da yawa suna saka na ɗalibai mai rahusa a cikin kuɗin zango.

Yanzu maganar da tallar tikitin ba ta yi, wadda ta fi kowace muhimmanci ga mai fasfon Najeriya. Ƙasashe 33 na tikiti ba su ne ƙasashe 29 na yankin Shengen, waɗanda biza ɗaya ke shiga dukkansu, ba. Izinin zama na ƙasar Shengen yana ba ka damar yawo a sauran har kwana 90 a cikin kowane 180. Birtaniya da Ayalan suna cikin tikitin amma ba sa cikin Shengen, kowace da bizarta. A tashar Faris ake duba fasfo kafin a hau Eurostar na Landan, can za a mayar da kai, kuɗin kujera ya tafi. Turkiyya ma sai da biza. Sabiya, Bosniya, Montenegro da Masedoniya ta Arewa kowace na da nata sharaɗi, a karanta na ofishin jakadancinta kafin a tsara hanya. Wanda kuma yake karatu a Manchesta ko Kobantiri, bizar karatunsa ba ta shigar da shi Faransa. Sai ya nemi ta Shengen.

Kada kuma a ce ai babu shinge tsakanin ƙasashen. Tun 16 ga Satumban 2024 Jamus ta dawo da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa, 'yan sanda na hawa jirgi suna neman takardu. Fasfo da katin izinin zama, na ainihi, su kasance a jikinka. Hoto a waya ba takarda ba ne. Wanda katinsa ya ƙare yana jiran sabuntawa a Jamus za a ba shi takardar wucin gadi mai suna Fiktionsbescheinigung. Ya duba akwatin da aka yi wa alama: ta sashe na 81 sakin layi na 4 tana ba da damar fita da dawowa, ta sakin layi na 3 ba ta bayarwa. Lamba ɗaya ce tsakani, amma mai ta biyun idan ya fita, tsugune ba ta ƙare masa ba.

Tikitin yanzu a waya yake, cikin manhajar Rail Planner. Sayen sa bai isa ba. Sai ka nemo jirgin da za ka hau, ka saka shi a jerin tafiyarka, ka kunna maɓallin da ke gefensa, sannan lambar da kwandasta zai haska ta bayyana. Kafin shiga ake yin wannan, ba bayan ka zauna ba, kuma kowane jirgi da nasa. Rana tana farawa ne daga sha biyun dare. Idan ta shiga kana da ita a kunne, ta ƙone ko ba ka fita daga ɗaki ba, don haka mai fasa tafiya ya soke tun daren jiya. Manhajar tana son a riƙa haɗa ta da intanet a kai a kai, kuma jadawalinta ba koyaushe yake bin sauyin da ke faruwa a take ba. Don sanin jinkiri ko canjin layi, DB Navigator ta kamfanin jirgin Jamus ko manhajar kamfanin ƙasar da kake ciki ta fi ta. Waya ta mutu, tikiti ya mutu, saboda haka na'urar ajiyar caji dole ce kamar a Legas. A 2024, kashi 62.5 cikin ɗari ne kawai na jiragen dogon zango na Jamus suka iso kan lokaci. Idan akwai kujerar da ka biya a gaba, bar tazarar awa guda a wurin canji, ba minti goma da manhaja ta ba ka ba.

Jirgin dare shi ne dabarar mai ƙaramin ƙarfi. Idan ka hau kafin sha biyun dare kuma ba ka canza jirgi ba, ranar tashi kaɗai ake ƙirgawa. Nightjet na Ostiriya yana da kujera, da gadon taro na mutum huɗu ko shida, da ɗaki. Duk sai an kama da kuɗi, amma gadon ya maye maka kuɗin masauki. Akwai ɗakunan mata zalla a cikin na taron, abin da zai kwantar wa Hajiya hankali idan 'yarta ce ke tafiya, sai dai suna saurin ƙarewa.

Bas ɗin FlixBus ya fi araha kusan ko'ina, ga wanda bayansa ya saba da doguwar motar Kano daga Agege. Jiragen sama masu rahusa kuma suna da nasu tarko: kuɗin jaka, da filaye irin Beauvais da ake kira na Faris alhali yana da nisan kilomita 85 daga birnin. Jirgin ƙasa a tsakiyar gari yake sauke ka, ba a auna kaya, amma kai za ka ɗaga kayanka zuwa saman kujera, don haka a bar Gana-mos-go a ɗaki, a ɗauki jakar goyo.

Hukuncinmu: na kwana 4 ko 7, ga ɗalibin da katinsa ke da sauran rai kuma hanyarsa ta bi ta Jamus, Ostiriya, Suwizalan da Holan, a saya. Ga mai nufin Faris, Basilona da Rum a tsakiyar hutun zafi, a'a. Tikitin ba ya ɗaukar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma Faris tashoshi da yawa gare ta: mai zuwa daga Amsatadam a Gare du Nord zai sauka, jirgin Basilona kuma daga Gare de Lyon yake tashi, sai an sayi tikitin cikin gari a tsakani. Bayin manyan tashoshi na kuɗi ne, wajen yuro guda, kuma babu buta. Ƙaramar gorar ruwa da sallaya mai naɗewa su shiga jaka tare da fasfo.