Gilashin karatu da kwamfuta, sai da aka yi mani shi sau biyu

Tunda na haura shekara 45 rubutun waya ya fara gagarata, sai na miƙa hannu can nesa kamar mai nuna ma wani hoto. Ga shi kullum ina gaban kwamfuta, ina buga ma ɗalibai furojet a wajen Ƙofar Ƙaura. Likitan ido ya ce ba ciwo ba ne, girma ne, ya rubuta mani ƙarin lamba +1.75, wato ƙarfin gilashi na ganin kusa, ya ce in yi gilashin nan mara layi a tsakiya, sama na kallon sikirin, ƙasa na karatu.

Na kai takardar wani shago, yaron ya ce Alhaji zaɓi firem kawai. Ko ɗora mani shi a fuska bai yi ba balle awo. Da gilashin ya iso daga Kano na saka, wallahi sai na ɗaga haɓa sama kamar zakara na shan ruwa kafin in ga rubutu, wuya ya ƙage, gefe da gefe duk abu na rawa, ranar Juma'a saura kaɗan in kife a matakalar masallaci. Na koma yaron ya ce wai rashin sabo ne, in ba shi sati biyu. Na ba shi uku, shiru kake ji.

Sai da na samu maigidan da kansa. Shi kam ya san aikinsa, ya zaunar da ni ya gyara firem ɗin bisa hanci, ya sa alƙalamin maka ya ɗiga ɗigo bisa gilashin daidai ƙwayar kowane ido, ya auna tazarar da ke tsakaninsu, har ya tambaye ni nisan sikirin ɗina, muka ƙiyasta santimita 65. Ashe na farkon an sauke tsakiyarsa ƙasa da ido, firem ɗin ma ya yi gajarta ya cinye wurin karatu.

Na biyun Alhamdulillahi, kwana huɗu na saba, takarda a hannu sikirin a gaba duk tas, in dai hanci na kallon abin da kake karantawa. Amma fa ba na hanya ba ne, ran nan na manta na hau mashin da shi, nesa duk hazo.

Abin da har yanzu ke ci mani rai, kuskuren yaronsu ne amma sai da suka caje ni kuɗin sabon firem, ko haƙuri babu wanda ya ba ni.