Fitila mai caji don karatun dare a jami'a: wace ce ke kai ɗalibi asuba?

Idan jarrabawa ta matso, laburare ba ya iya ɗaukar duka ɗalibai, kuma yana da lokacin rufewa. Shi ya sa bayan isha'i ɗalibai ke kwarara zuwa azuzuwa da manyan zaurukan lacca, wasu su raɓe a barandar masallaci. Da an ɗauke wuta sai zauren ya koma tsibirai na haske, kowa ya duƙufa kan takardunsa da 'yar fitilarsa. A nan ake gane wanda ya sayi ta ƙwarai.

Fitilun tebur da ake samu a kasuwannin Samaru ko Sabon Gari a Zariya iri biyu ne, kuma batiri ne ya raba su. Akwai mai batirin dalma na volt 4, wadda ake soka ta kai tsaye a soket. Tana da nauyi a hannu, tana da araha, kuma ita ce ta fi saurin mutuwa. Yawancin masu arhar ba su da abin da ke yanke caji idan batiri ya cika, don haka wanda ya bar ta a soket kwana da yini yana dafa batirin ne, ruwan cikinsa ya ƙafe. Idan kuma aka ajiye ta babu caji tsawon hutun zango, wani farin gishiri yana daskarewa a farantan dalmar, sai a dawo makaranta a tarar ko minti 20 ba ta yi. Wutar ƙaramin janareto mai hawa da sauka ma tana ƙona ta.

Ɗayar ita ce mai batirin litiyam samfurin 18650, volt 3.7, da ake cajawa da wayar USB. Ita ta dace da ɗalibi. A zauren da mutum ɗari ke rububin soket uku ko huɗu, wasu ma a ɓalle, fitilar da za ta sha daga fawa bank ta raba ka da jiran layi.

Lissafin ba wuya. Batirin litiyam mai 2000mAh (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) yana riƙe da kusan wat 7 na awa ɗaya. A haske mafi ƙarfi, wajen wat 2, awa uku da ɗan wani abu zai yi. A rage shi zuwa wat 1, zai ɗauke ka daga ƙarfe 10 na dare zuwa dab da kiran sallar asuba. Don haka kada a sayi wadda ba ta da matakan rage haske. Lambobin da ake bugawa a jikin kwali kuwa sau da yawa an zuzuta su. A nemi wadda murfin batirinta ke buɗuwa, domin in batirin ya gaji a canza shi kaɗai.

A duba wuyanta, ya zama mai lanƙwasuwa, hasken ya sauka kan takarda, kada ya doki idon na gabanka. Gindinta ya zama mai faɗi ko mai maƙali, saboda teburan zauren lacca siriri ne kuma wasu a karkace suke. Da damina farin haske mai ƙarfi yana tara ƙwari da shinge a kan littafi, mai ɗan ruwan ɗorawa ya fi sauƙi, kuma bai cika gajiyar da ido ba.